Neman shawara: Za a rufe Splash Mountain, gidana ya rabu a kan zuwan bankwana

Maman Auta:

Assalamu alaikum warahmatullah, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da wataƙila wasu za su ga bai taka kara ya karya ba, amma ni ya hana ni sakat. Kamfanin Disney ya sanar cewa daga ranar 31 ga Mayun nan na 2023 za a rufe lilon ruwa mai suna Splash Mountain da ke wurin shaƙatawa na Disneyland a garin Anaheim, jihar Kalifoniya, bayan an riga an rufe takwaransa na Fulorida tun watan Janairu. Ga waɗanda ba su san shi ba, kwalekwale ne mai siffar kututturen itace da ake zama a cikinsa wani bayan wani, ruwa ya riƙa jan sa ta cikin wani dutse da aka gina, ana wuce mutum-mutumin dabbobi masu motsi da waƙa suna ba da labarin wani zomo da dila da beya suke farauta, daga ƙarshe a haura da mutum can ƙoli a sako shi ƙasa a guje, ya jiƙe sharkaf.

Mu a Sacramento muke zaune, kuma tun yarana suna ƙanana, duk shekarar da Allah ya hore mana kuɗin tafiya, wannan lilon ne abin da muke fara nufa. Har yanzu akwai hoton da na'urarsu take ɗauka daidai lokacin gangarowa manne a jikin firij ɗinmu, na danƙe gyalena da hannu ɗaya, idona a rufe, maigida yana ƙyalƙyala dariya a bayana.

Yanzu babbar 'yata, wadda take jami'a, ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba, domin an gina lilon ne a kan wani tsohon fim da ya ƙawata rayuwar baƙar fata a gandayen kudancin Amurka, kuma a ganinta tun tuni ya kamata a rushe shi. Autana mai shekara goma sha ɗaya kuwa kullum roƙona yake mu je ya hau na ƙarshe. Maigida ya ce shi ba ruwansa, abin da ya sani kawai kuɗin tikiti da na mai da na masauki. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, domin na san 'yata tana da gaskiya, amma duk da haka raina yana sosuwa idan na tuna za a rufe. Shin mu je, ko mu haƙura? Idan mun je, me zan gaya wa yaron, kuma yaya zan yi kada yayarsa ta ga kamar na raina abin da yake damun ta?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a kai ga shawara, ya kamata a san abin da ake jayayya a kansa. Fim ɗin da 'yarki take nufi shi ne Song of the South, wanda Disney ya fitar a 1946, an kuma ɗauko shi daga tatsuniyoyin da wani Bature ɗan jarida na jihar Jojiya, Joel Chandler Harris, ya tattara daga bakin baƙar fata ya fara bugawa a littafi a 1880. Labarin yana faruwa ne a wani gandu bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, wato bayan an soke bauta, amma fim ɗin bai fayyace haka ba, sai ya nuna baƙaƙen ma'aikata suna waƙa cikin annashuwa suna yi wa masu gandu hidima kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Tun a shekarar da ya fito ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi suka a kansa, saboda haka kada wani ya ce ƙorafin na 'yan zamani ne.

Abin da ya fi ba ni takaici a tarihin shi ne na James Baskett, baƙar fatan da ya fito a matsayin dattijon mai ba da tatsuniya. Bai halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba saboda dokokin wariyar launin fata na birnin a lokacin, alhali shi ne ƙashin bayan fim ɗin, har aka ba shi lambar Oscar ta girmamawa a 1948. Rabon da a nuna fim ɗin a gidajen sinima na Amurka tun 1986, kamfanin bai taɓa sayar da shi cikakke a kaset ko faifai a ƙasar ba, kuma babu shi a Disney+, dandalin kallon finafinansu na intanet. Sai ga shi shekara uku bayan nunin ƙarshe, a 1989, an buɗe lilo a kansa, aka cire mutanen gaba ɗaya aka bar dabbobin da waƙoƙin. A ganina kamfanin ya san inda matsalar take tun ranar farko. Sanarwar sauya lilon ta zo a watan Yunin 2020, wata guda bayan kisan George Floyd, ko da yake sun ce sun fara aikin tun kafin nan.

Shawarata ita ce ki zaunar da autan ki gaya masa wannan a taƙaice kafin a yanke hukuncin tafiya. Yaro mai shekara goma sha ɗaya da yake makaranta a Amurka ya riga ya ji labarin bauta a aji, ba zai gagare shi fahimta ba.

Hajiya Babba:

'Yata, ki kwantar da hankalinki, kewar wuri ba laifi ba ce. Ke ba fim ɗin kika sani ba, yaranki kika sani suna ihu a cikin kwalekwale, kuma babu wanda zai ce ki ƙi jin zafin wucewar wannan lokacin.

Akwai kuma abin da Malam bai taɓo ba. Zomon nan da kuke gani ba Disney ne ya haife shi ba, ba kuma Baturen da ya rubuta littafin ba ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka tafi da tatsuniyoyinsu na ƙaramar dabba mai wayo da take kayar da manya, suka ci gaba da ba 'ya'yansu a gandayen da ake azabtar da su. A asalin labarin, dila ya ƙera 'yar tsana ta kwalta ya ajiye a hanya, zomo ya gaishe ta ba ta amsa ba, ya kai mata mari hannunsa ya manne, ya kai shuri ƙafarsa ta manne. Mu da muka tashi a gaban kakanni mun san wannan a tatsuniyar Gizo da yarinyar danƙo, kusan babu abin da ya bambanta. A lilon sai suka sauya kwaltar da saƙar zuma, saboda sunan 'yar tsanar ya zama zagi ga baƙar fata a Amurka. Kuɓutar zomon ma irin tamu ce: ya roƙi dila ya yi masa kowace irin azaba amma kada ya jefa shi cikin sarƙaƙiya, dila ya jefa shi, ashe a cikin sarƙaƙiyar aka haife shi. Gangarowar da kuke yi ku jiƙe, ai wannan jifar ce. Ki kai yaron, amma ki ba shi tatsuniyar Gizo a mota kafin ku isa, ya san inda abin ya samo tushe.

Ɗaliba daga Atlanta:

Anti, ina neman afuwar manya, amma ni ina bayan 'yarki. Mu da muka tashi a nan, fatarmu ake fara gani kafin a tambayi daga ina iyayenmu suka zo, kuma abin da iyayenmu suke kallo a matsayin tarihin wasu, mu a jikinmu muke jin sa a makaranta da wurin aiki. Gaskiya ne tatsuniyar ta Afirka ce kamar yadda Hajiya ta faɗa, sai dai hakan ya ƙara mini ciwo ne, domin waɗanda suka riƙe labarin cikin wahala ba su ne suka ci moriyarsa ba, kuma a lilon ko ambatonsu ba a yi.

Ban ce kada ku je ba. Abin da nake roƙo shi ne kada a matsa mata ta bi ku, kada kuma a riƙa ce mata ta cika zafin kai ko boko ya ɓata ta. Idan ta ji kin ce mata kin fahimci dalilinta kuma kin yarda a rufe ɗin ya dace, ina tabbatar miki ba za ta ƙullace ki don kin kai ƙaninta ba. Ni kam ina ɗokin sabon da za a yi a kan Tiana ta fim ɗin The Princess and the Frog na 2009, wadda ita ce baƙar fata ta farko a jerin gimbiyoyin Disney.

Injiniya:

Hajiya, ina ganin kalmar rufewa ce take tayar wa yaron hankali fiye da kima, domin ba rushe ginin za a yi ba. Dutsen yana nan, magudanar da kwalekwale yake bi tana nan, gangaren nan na kusan mita 16 ma yana nan. Abin da za a cire shi ne labarin da dabbobin da waƙoƙin, a sa labarin Tiana da fadamun New Orleans, kuma sun ce za a buɗe shi a 2024 da sunan Tiana's Bayou Adventure. Idan faɗuwar da jiƙewar ce autanki yake so, ba su tafi ko'ina ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawancin dabbobin na Kalifoniya ma kwance ne. An ɗebo su daga wani wasan mutum-mutumi mai suna America Sings da aka buɗe a 1974 aka rufe a 1988, kuma ɗaya daga cikin dalilan da Tony Baxter, wanda ya tsara lilon, ya kawo shawarar shi ne a samar musu sabon mazauni. Wato shi kansa Splash Mountain a kan rufe wani abin da wasu suke ƙauna aka gina shi. Ni abin da zan yi kewa shi ne ungulun nan biyu da suke zaune a bakin hawan ƙarshe suna yi wa mutum ba'a yayin da ake jan kwalekwalen sama cikin duhu, sai kuma babban jirgin ruwan da dabbobi suke waƙa a kansa bayan an sauko. Aikin hannu ne mai kyau, ko da an yarda tushensa yana da tabo. Wanda ya matsa sai ya ga tsohon, na Tokyo a Japan da aka buɗe a 1992 yana nan yana aiki, ba ya cikin sanarwar.

Baban Yara daga Orlando:

Ni ina wurin a makon da aka rufe namu na Fulorida, wanda shi ma tun 1992 yake aiki, ranar 22 ga Janairu ce ta ƙarshe. Layin ranar ya kai na sa'o'i, manya da furfura suna hawaye, wasu kuma suka ɗebi ruwan lilon a kwalabe suka sa a kasuwa a eBay, abin dariya abin takaici. Idan za ku je, don Allah kada ku nufi ranar ƙarshe, wato Talata 30 ga Mayu, domin Litinin ɗin da ta gabace ta hutun tunawa da sojojin da suka mutu ne, duk ƙarshen makon nan wurin zai cika maƙil. Ku zaɓi tsakiyar mako kafin lokacin, ku kama gurbin shiga ta intanet tun da wuri tunda yanzu tikiti kaɗai ba ya isa, ku isa ƙofa kafin a buɗe ku wuce can kai tsaye. Ki tafi da gyale na biyu a leda, kada kuma ki zauna a gaba.

Game da maigida kuwa, yana da hujja, tafiyar kusan awa shida a mota da kwanan masauki ba wasa ba ce. Idan kuɗin zai taɓa na haya ko na makarantar yarinyar, ku haƙura, bidiyon lilon daga farko har ƙarshe yana cike a YouTube.

Malamin Tarihi:

Ina da ƙaramin saɓani da Injiniya. Cewa dutsen da gangaren suna nan ba zai gamsar da yaron ba idan zomon ne ya shaƙu da shi, kuma bai kamata a nuna masa kamar babu abin da zai rasa ba. Zai rasa wani abu, a gaya masa haka, a kuma gaya masa dalilin da ya sa mutane da yawa suka ga rashin ya fi alheri.

Maman Auta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Hajiya Babba lafiya da nisan kwana. Jiya da daddare na kira 'yata na karanta mata abin da Malam da ƙanwarmu ta Atlanta suka rubuta, na kuma gaya mata a fili cewa na yarda rufewar ta dace, kuma ba zan ɓoye mata cewa ina jin zafin rufewar ba. Ta ce har yanzu ba za ta je ba, ni ma ban matsa ba, amma ta nemi in bari ita ta yi wa ƙaninta bayanin fim ɗin da bakinta idan ta zo gida ranar Asabar. Maigida ya yarda da kwana ɗaya tak a masauki, da sharaɗin mu tafi da abincinmu daga gida. Mun kama gurbin Larabar mako na uku na Mayu. Hajiya, idan ba damuwa ki turo mini tatsuniyar Gizo da yarinyar danƙo cikakkiya ta murya, domin ni farkonta kawai nake tunawa.