Ƙanwata ta kasa sakewa a gidan da aka sauke ta a Amurka, mu nemi a canza mata gida ne?

Yayar Auta:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ƙanwata mai shekara 16 ta samu shirin musayar ɗalibai, ta tafi Amurka a watan Agusta za ta yi shekarar karatu ɗaya, an sauke ta a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Minesota wurin mata da miji da 'yarsu ɗaya sa'arta. Farkon zuwanta murna kamar me, hotuna kawai take turowa, amma yanzu kullum ta kira kuka ne. Tace ba wai suna mata wani mugun abu ba ne, kawai dai ba ta gane kansu ba, sun ce mata ga firji nan ta ɗauki duk abin da take so ita kuma ta kasa buɗewa, sai ta wuni da yunwa tana jiran a ce ta zo ta ci, kuma idan ta dawo makaranta kanta ciwo yake saboda Turancinsu da sauri sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta kira mu. Yanzu matar gidan ta gaya wa kodinetar shirin, wato mai kula da ɗaliban a yankin, wai suna ganin kamar yarinyar ba ta son su. Da ta ji wannan maganar sai abin ya ƙara taɓa ta, tace ita dai ko a canza mata gida ko ta dawo. Mama ta shiga damuwa sosai har ba ta barci. Waɗanda suka taɓa yi ko suka san kan abin, me ya kamata mu yi?

Tsohuwar Ɗaliba:

Wa alaikumus salam Yaya. Na yi irin wannan shirin shekarun baya, kuma wallahi ina karanta abin da kika rubuta ina ganin abin da kusan dukkanmu muka shiga. Kada ku yi saurin neman canjin gida, don duk abin da kika lissafa babu wanda sabon gida zai gyara, can ma firji ne za a nuna mata, can ma Turancin ne.

Abin da ke faruwa shi ne ita tana zaman baƙuwa, su kuma 'ya suka ɗauka. Ita a ganinta kawaici da jiran a kira ta shi ne tarbiyya, su kuma a wurinsu wanda ya saki jiki ya buɗe firji ya zuba abinsa ya wanke kwanon da ya ci shi ne ya karɓe su a matsayin iyali. Kowa yana ƙoƙarin kyautata wa ɗan uwansa amma saƙon ba ya isa. Da suka ce ta ɗauka da gaske suke, ba gwada ta suke ba, kuma idan aka yi mata tayi sau ɗaya tace a'a to sun ɗauka a'a ɗin take nufi, ba za su maimaita ba. Wannan kaɗai idan ta gane shi rabin yunwar ya tafi.

Maganar ƙofa kuma babba ce fiye da yadda take zato. A gidaje da yawa a can rufe ƙofar ɗaki yana nufin kada a dame ni, don haka ba za su ƙwanƙwasa ba, suna falo suna jira ta fito ita kuma tana ciki tana jira a neme ta. Ta riƙa barin ƙofar a buɗe, ta ɗauko littattafanta ta yi aikin gida a teburin kicin ko da ba za ta ce uffan ba, zaman kawai ya isa a fara. Matar gidan tana girki ta miƙe tace me zan taya ki, za a je kanti siyayya ta bi su. Ni a mota muka fi sabawa da maman gidanmu, don a mota ba sai kin kalli idon mutum ba, hira tana zuwa da kanta.

Sannan ta yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Masu shirin musayar ɗalibai na ƙungiyar Rotary suna da wani jerin tambayoyi da suke ba ɗalibansu su yi wa masu masauki a daren farko, kuma ko yanzu bai ɓaci ba ta zauna da su ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da wane suna zan riƙa kiranku, ƙarfe nawa ake kwanciya, wa yake wanki kuma yaya injin yake aiki, minti nawa zan iya yi a wanka, wane aikin gida ne nawa, zan iya gayyato ƙawa, idan zan makara wa zan sanar. Ƙananan abubuwa ne amma su ne suke taruwa su zama ɓacin ran da ba wanda ya faɗa. Kuma ta yawaita cewa na gode da baki, a kan abinci, a kan an kai ta makaranta, a kan komai, don waɗannan mutanen ba biyansu ake ba, sa kai suka yi, godiyar da suke ji ita ce ke nuna musu ba su yi kuskuren ɗaukarta ba.

Ciwon kan nan gaskiya ne ba shagwaɓa ba. Wuni guda kina sauraron yaren da ba naki ba, kina canza aji duk bayan darasi, ga sababbin fuskoki, dole ki dawo a gajiye liƙis. Ta faɗa musu hakan ƙarara, tace idan na dawo ina buƙatar hutun awa ɗaya saboda kaina ya gaji ba don ina fushi ba, bayan nan zan fito. Jimla ɗaya ce amma za ta sauke wa matar nan nauyi sosai.

Maman Samari:

Yayar Auta sannu, Allah ya kwantar wa Mama hankali. Ɗana ya yi na Rotary a Jamus, su tsarinsu ma ɗalibi yakan zauna gida biyu ko uku a cikin shekarar, don haka na ga yadda sabo yake farawa daga tushe fiye da sau ɗaya. Abin da zan ce zai yi muku ɗaci amma ku rage kiran nan. Yarinyar da duk yamma take kan bidiyo da ku jikinta ne kawai a can, kuma lokacin da take kiran naku shi ne daidai lokacin da mutanen gidan suke zaune tare, ga bambancin lokaci yana cinye mata barci ko ya cinye naku. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, ku yi doguwar hira, sauran ranaku ɗan saƙo ya wadatar. Kuma ku gaya mata dalili da kyau don kada ta ɗauka kun yar da ita.

Idan kun yi wayar ma Mama ta daure kada ta yi kuka a gabanta, kuma a daina ba ta labarin duk taron da aka yi ba ta nan. Ku tambaye ta me ta koya, wa ta zauna da shi a wurin cin abincin rana, sannan ku ce ta miƙa wa matar gidan wayar ku gaisa ku yi mata godiya. Wannan gaisuwar tana aiki ƙwarai, matar za ta ji cewa akwai iyaye a bayan yarinyar da suka yarda da ita.

Malam Mai Alli:

Na yarda da yawancin abin da 'yan uwa suka faɗa, amma ina so in ƙara wani ɓangare don kada haƙuri ya rufe mana ido. Akwai rashin sabo, akwai kuma cutarwa, kuma wajibi ne ku da ita ku san bambancin.

Ɗaliban sakandare da ke zuwa Amurka ta wannan hanya da bizar J-1 suke shiga, kuma Ma'aikatar Harkokin Wajen ƙasar tana da dokoki a rubuce da ƙungiyoyin da ke kawo su dole su bi. Ɗalibi yana tsakanin shekara 15 zuwa 18 da rabi. Duk wanda ya kai 18 a gidan masauki sai an binciki tarihinsa na laifi. Dole a ba ɗalibi gadonsa shi kaɗai, idan zai haɗa ɗaki to da mutum ɗaya ne kuma jinsinsu ɗaya, dole ya samu abinci sau uku a rana da wurin karatu. Kodineta ba zai yi nisan da ya wuce mil 120 daga gidan ba, kuma dole ya tuntuɓi ɗalibin da masu gidan kowane wata, sannan a wata na farko ko na biyu wani wakilin daban, ba wanda ya samo gidan ba, zai je ya duba da idonsa. Ba a yarda a karɓe wa ɗalibi fasfo ba, ba a yarda a hana shi magana da iyayensa ba. Akwai kuma kati da ake ba kowane ɗalibi mai lambobin gaggawa, ki tambaye ta tana da shi, kuma ta san inda ta ajiye.

To idan wani a gidan yana taɓa ta ko yana mata maganar da ba ta dace ba, ko ana tsorata ta, ko an mai da ita mai aiki, ko ana matsa mata ta bar abin da ta yi imani da shi, ko akwai shaye-shaye da faɗa, wannan babu maganar a jira, a ranar za a kira kodineta, idan bai ɗauka da muhimmanci ba a wuce shi zuwa ofishin ƙungiyar. Ki samu lokaci ke da ita kaɗai ki tambaye ta kai tsaye, don yara sukan ce kawai ba na jin daɗi alhali akwai abin da kunya ta hana su faɗa. Idan ta tabbatar miki babu, sai a koma shawarar Tsohuwar Ɗaliba.

Game da yadda ta fara da murna sannan ta faɗi, masana sun daɗe suna magana a kai. Sverre Lysgaard ya yi nazari a 1955 kan 'yan Norwe da suka yi karatu a Amurka, daga nan aka samo ra'ayin cewa baƙo yakan fara da ɗoki, ya sauka ƙasa, sannan ya sake hawa, Kalervo Oberg ma ya yi rubutu a 1960 kan matakan wannan ruɗin na shiga sabuwar al'ada. Amma ba kowa ne yake bin layin ba, binciken Colleen Ward da abokan aikinta a 1998 kan ɗaliban Japan a New Zealand ya nuna wahalar ta fi tsanani ne a farkon zuwa sannan ta ragu. Ko wanne aka ɗauka, lokacin da ƙanwarki take ciki yanzu shi ne mai wuyar, kuma mafi yawa suna wuce shi. Abin da za ku sa wa ido shi ne idan ta daina cin abinci gaba ɗaya, ko barci ya gagara makonni, ko ta fara maganar cutar da kanta, nan sai likita ko mai ba da shawara na makaranta, kuma makarantun can galibi suna da shi.

Ɗan Sanyi:

Ni abu ɗaya zan ƙara tunda kin ce Minesota. Hunturu na tafe, a Disamba wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, ga sanyin da yake sauka ƙasa da sifiri sosai, wanda bai da abin yi bayan makaranta ɗaki zai cinye shi. Ta shiga wani kulob ko wasa tun yanzu, ko ƙungiyar waƙa ko wasan kwaikwayo ko muhawara, wasannin hunturu wajen Nuwamba ake fara su kuma a ƙananan makarantu ba sai ka ƙware ba suke ɗauka. A aji ba a cika yin abota ba don kowa yana sauri ne, a wurin atisaye ake yi. Kuma kada ta ɗora duk buƙatarta a kan 'yar gidan, yarinyar tana da nata ƙawayen tun tana ƙarama kuma ita ma tana koyon raba iyayenta da wata ne, idan suka shaƙu alhamdulillah idan ba su shaƙu ba zaman mutunci ya isa. Sai dai ban goyi bayan a rage kiran lokaci guda ba kamar yadda Maman Samari tace, yarinyar da ke kuka kullum a yanke mata kwatsam zai yi mata nauyi, a riƙa ragewa a hankali.

Maman Samari:

Haka ne Ɗan Sanyi, a hankali nake nufi, amma dai a fara wannan makon kada a ce sai ta ware tukuna, don kiran yana cikin abin da ke hana ta warewar.

Yayar Auta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Malam na tambaye ta kai tsaye kamar yadda ka ce, ta rantse babu wanda ya taɓa mata komai, tace mijin ma shi yake tashi da sassafe ya kai ta makaranta idan bas ta wuce ta, kuma katin yana cikin jakarta, fasfonta ma yana hannunta. Na tura mata tambayoyin, tace kunya take ji ta fara ita kaɗai, don haka ta roƙi kodinetar ta zo su zauna su huɗu ranar Asabar, ta yarda. Mama ma ta amince za ta gaisa da matar gidan, ni zan yi musu tafinta. Tambaya ɗaya ta rage, Tsohuwar Ɗaliba, tace har yanzu ba ta san da me za ta kira matar ba, sunanta tsirara ya yi mata nauyi a baki shi ya sa take kauce wa kiranta gaba ɗaya.

Tsohuwar Ɗaliba:

Ta sa wannan ya zama tambayar farko ranar Asabar, kuma ta faɗa mata gaskiyar dalilin, cewa nauyinta take ji shi ya sa ta kasa kiran sunan. Wasu suna son a ce musu Mom, wasu sun fi son sunansu, wasu kuma sai su zaɓi wani suna na daban su biyu. Duk wanda suka tsayar ta fara amfani da shi tun a wurin zaman, kwana biyu bakinta zai saba.