Yaya zan ƙawata falo da kayan jeren kakata?

Uwargida, Katsina:
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar kakata, Allah ya jiƙanta, mun buɗe ɗakinta muka tarar da kayan jerenta tun na aure: kwanukan langa da samira, tasoshin tagulla guda 3, baƙin akushi, ƙorai masu zane, faya-fayai, da dutsen guga na gawayi. Wasu 'yan'uwa sun ce a sayar wa 'yan gwangwan, ni kuwa zuciyata ta ƙi, domin a cikin akushin nan ta riƙa zuba mana tuwo muna yara. Ina so in yi wa falona ado da su, amma maigida yana gudun kada ɗakin ya koma kamar rumfar kasuwa. Ina neman shawararku.

Maijere, Kano:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Hajiya. 'Yar'uwa, abin da kike nufi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin iyayenmu ba don girki kaɗai suke jera kwanuka har kusa da rufin ɗaki ba. Da jere ake gane ɗakin amarya da ƙoƙarin danginta. Sai dai kada ki fito da su gaba ɗaya. Ki zaɓi faya-fayai biyar ko bakwai masu launi daban-daban ki kafa su a bango guda, ki bar sauran bangon fili, sannan ki ɗora tasoshin a kan kantar jere inda haske zai same su. Tagulla tana son jiƙaƙƙiyar tsamiya da ɗan toka, a goge a ɗauraye a shanya nan take. Langar da fentinta ya ɓantare kuwa, don Allah kada ki sake mata fenti, ki dai kankare tsatsar a hankali ki tsare ta daga danshi. Idan kin shigo Kano ki leƙa Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi, za ki ga yadda tsohon abu yake fitowa idan an ba shi sarari.

Dattijo, Damagaram:
'Yata, kafin maganar ado akwai maganar haƙƙi. Kayan nan gado ne, saboda haka ki nemi yardar magada tukuna, ko a yi musu kuɗi ki biya, don kada abin alheri ya jawo ɓacin rai. Game da ƙoran kuma, ki nisanta su da rana da gara, wadda ta tsage ki nemi gyartai ya ɗinke ta, ɗinkin ma kyau yake ƙara mata.

Malama, Zariya:
Na yarda da su, amma ban da akushin. Ni ba na son a mayar da shi abin kallo kawai. Ki shafe shi da man gyaɗa kaɗan don kada ya tsage da hunturu, ranar Juma'a ki zuba wa yaranki tuwon dawa a ciki, ki faɗa musu sunan mai shi.