Zauren rage ƙiba na WhatsApp: me kuke samu a cikinsa?

Ta Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka taɓa shiga irin zauren nan na WhatsApp da ake haɗuwa don rage ƙiba.

Shekaruna 38, 'ya'yana biyar, ina ɗinki a gida nan unguwar Yelwa. Tsawona mita 1.60, nauyina kilo 92. Tun haihuwar autana jikin bai koma ba. Kun san jego da kunun kanwa da gasasshen nama, ga shi kuma aikina na zama ne, daga kan keke sai tabarma. Watan jiya ciwon kai ya kai ni asibiti, aka auna aka ce jinina ya hau, sukari ma yana bakin iyaka. Likita ya ce in fara da rage nauyi, in koma bayan wata uku a sake dubawa. Abin da ya fi damuna shi ne gwiwoyina, sun fara hana ni sujada yadda nake so.

Matar ƙanena ta ce za ta saka ni a wani zaure da take ciki, ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. Data kuɗi ce. Sannan mutanen da ban taɓa gani ba, in zauna ina gaya musu nauyina da abin da na ci? Maigida bai hana ba, ya dai tambaye ni me za su gaya mini wanda likita bai faɗa ba, na rasa amsa. A rage mai, a rage sukari, a yi tafiya, ai kowa ya san wannan. To me zauren yake ƙarawa? Don Allah wanda ya sani ya gaya mini gaskiya, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Maman Tagwaye, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Maigidanki ya yi tambaya mai kyau, kuma gaskiya ne, ilimin da ke zauren bai fi na likita ba. Amma likita sau ɗaya za ki gan shi a wata uku. Sauran kwanakin kina tare da mutanen da ke ganin ƙibarki alheri ce.

Da na fara raguwa, a gidan suna wata goggona ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, gaya mini tsakani da Allah, me yake miki a gidan nan?" Tana nufin mijina. Wata maƙwabciya ta aiko mini da rubutu. Na ji har an yi ta raɗe-raɗin wai wata cuta ce ake ɓoyewa. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce, haka muka tashi: mace ta cika ta yi ɓulɓul, an ce miji na kula da ita; ta rame, an ce akwai magana. Ranar na koma gida ina kuka, na aika saƙon murya a zaurenmu. Kafin in idar da sallar isha'i mata sun cika wayata da amsa, kowacce da irin nata labarin, wata uwar miji, wata kishiya, wata ma mahaifiyarta ce ke kuka a kanta. Wata Hajiya daga Ngaundere ta koya mini abin da nake faɗa har yau idan an tambaye ni: "Likita ne ya sa ni, saboda hawan jini." Da an ji sunan likita sai a bar ki, har a yi miki addu'a. Wannan shi ne babban abin da na samu a zauren. Shi ne wuri ɗaya tak da zan ce na rage kilo ɗaya a ce mini barka, maimakon a ce mini sannu.

Ga yadda muke yi. Ba mu kai talatin ba, kuma da gangan muka tsaya haka, don zaure in ya cika sai ya koma kasuwa. Kowace Juma'a da safe, kafin a ci komai, kowa ta hau sikeli ta turo lambar. Wadda ba ta da shi a gida tana zuwa famasi ko wurin yaran nan masu sikeli a kasuwa, sharaɗin dai ta riƙe guda ɗaya kada ta yi ta canzawa. Wadda ke jin nauyin faɗin lambarta sai ta tura wa shugabar zaure ita kaɗai, a fili kuma ta ce "na ragu", "na tsaya" ko "na ƙaru". Kamar adashi ne: abin da ke sa ki zubi ranar da ba ki da niyya shi ne sanin cewa akwai masu jiran ki. In kika yi shiru mako guda, wata za ta kira ki ta ji ko lafiya.

Sai maganar tukunya, wadda a wurina ta fi komai amfani a aikace. Takardun da ake gani a intanet duk abincin Turawa ne, wanda ko sunansa ba a sani ba a kasuwar Marwa. Mu kuwa tuwon dawa muke ci, da na masara, da shinkafa, da miyar kuka da yakuwa da tafasa da kuɓewa. A zauren na koyi cewa ba sai na bar tuwo ba. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna, miya da yawa, kifi ko wake a gefe. Na koyi auna mai da cokali, na daina tuttulawa daga kwalba; babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko na auduga, kusan kalori 120 ne, kuma da sai in zuba biyar ko shida ban sani ba. Zoɓo na koma sha da citta da kanumfari, sukari kaɗan. Ƙosai da fanken safe na mayar da su na ranar Lahadi. Duk waɗannan daga bakin matan da ke dafa abin da nake dafawa na ji su, masu ciyar da gida mai mutum goma kamar nawa.

Tafiya kuma, kin san zafinmu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ba mai fita da rana. Bayan sallar asuba muke yi. Waɗanda ba sa fita suna zagaya tsakar gida minti talatin, wata ta ce tana yi ne tana azkar ɗin safe, da yawanmu muka ɗauka. In an gama sai a turo "na yi". Kalma biyu ce, amma in kika buɗe waya kika ga goma sun riga ki, tashi za ki yi.

Rashin daɗinsa ma akwai. Wani lokaci surutu yana yawa, a bar maganar da ta tara mu a koma ta biki da anko. Wani lokaci kuma ki ga wata tana zubar da kilo kamar wasa ke kina tsaye wuri ɗaya, zuciya ta yi nauyi. Na fara da kilo 97, yau ina 86, kuma akwai watannin da lambar ta ƙi motsi sam. Da ni kaɗai ce da a nan na bari.

Direban Kusri

Salamu alaikum. Hajiya, ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma abin ya shafe mu. Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar kaya tsakanin Kusri da Injamena, wani lokaci har Ngaundere. Mu maza in tumbi ya fito sai a fara kiran mutum Alhaji tun bai je Makka ba, kowa na yi masa murna. Abokin aikina da muka fara tuƙi tare shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, bai kai hamsin ba. Bayan mun dawo daga dubiya ne muka buɗe zaure, mu direbobi da 'yan kasuwa kaɗan.

Matsalarmu shayi ne. Duk inda aka tsaya an ɗora buta, kowane kofi sukari ƙwaya huɗu ko biyar, ga lemon kwalba saboda zafi, ga tsire da daddare. Mutum ɗaya ba zai iya cewa a rage sukari a majalisa ba, dariya za a yi masa. Da muka zama mu da yawa masu faɗa, sai mai shayin da kansa ya fara tambaya. Jiran layi a gadar Ngeli da ke tsakanin Kusri da Injamena, wanda da a cikin mota muke yin sa muna barci, yanzu sauka muke mu taka, da yamma kowa ya turo hoton yawan takunsa daga waya. Ku gaya wa maigida ya bar ku ku gwada wata uku ɗin da likita ya ba ku. In ma zai yarda ya riƙa rage nasa sukarin tare da ku, aikin zai fi sauƙi.

Nas daga Ngaundere

Yaya ta Yelwa, sannu da jiki. Ina aikin jinya, kuma ina goyon bayan ki shiga, amma da ido buɗe.

Bari in fara da lissafinki. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo: 92 a raba da 2.56, ya ba da kusan 36. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce. Kada lambar ta tsorata ki, don ba a ce ki koma jikin 'yan mata ba. A Amurka an yi wani babban bincike kan mutum fiye da 3,000 masu sukari a bakin iyaka irin naki, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, ya fi na waɗanda aka ba maganin sukari na metformin, da ya ragu da kashi 31. Kashi 7 naki kilo shida da rabi ne kawai. Kuma mutanen nan ba a sallame su da takarda aka ce su je su yi ba, akwai masu bibiyarsu a kai a kai. Wannan bibiyar ce asibitocinmu ba su da ma'aikatan yi, ita ce zaure mai kyau yake cikewa. Dabarar ma ta daɗe: a 1961 wata matar aure a New York, Jean Nidetch, ta fara tara ƙawayenta a gidanta duk mako suna maganar abin da suka ci, daga nan kamfanin rage ƙiba na Weight Watchers ya samo asali a 1963.

Yanzu abin da nake tsoro. Zaure da yawa 'yan kasuwa ne suka buɗe su. In kika shiga kika ga shugabar tana tallar shayin rage tumbi, ko ƙwaya, ko garin da ba a rubuta abin da ke ciki ba, ki fita. Yawancin irin shayin nan maganin sa gudawa ne ko na sa fitsari, ruwan jiki yake zubarwa, kitsen yana nan. An sha kama wasu kayan rage ƙiba da sinadarin sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Mai hawan jini kamarki ba ta da abin yi da shi. Haka duk wanda ya yi miki alkawarin kilo goma a wata. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da jiki ke ɗauka lafiya.

Zaure mai kyau ba ya cewa ki ajiye maganin asibiti, ba ya sa mai ciki ko mai shayarwa yunwa, ba ya neman hoton jikinki. Kuma ki kula da gishiri da dunƙulen miya saboda jininki. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Tunda tela ce ke, tef yana hannunki: ki auna kugunki daidai tsakanin haƙarƙarin ƙasa da ƙashin kwankwaso, sau ɗaya a wata. Abin da ake so kada ya kai rabin tsawonki, wato santimita 80 a wurinki. Sau da yawa tef yana nuna ci gaba a watan da sikeli ya tsaya.

Wata magana, ko da ba ta shafe ki ba ta shafi wata mai karantawa: wadda ta daɗe tana shan "sha ka fashe" don ta yi jiki, yawanci dexamethasone ne, yana tayar da sukari da jini, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ta je asibiti a rage mata a hankali.

Ta Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam direba, Allah ya ba abokinku lafiya. Na karanta wa maigida duka, ya ce in shiga. Na tambayi matar ƙanena, ta ce ba a sayar da komai a nasu. Yaya Maman Tagwaye, saura abu ɗaya: tukunya daban kike yi wa kanki? Ba ni da halin girki biyu, ga kuma uwar mijina a gidan, ita take fara ɗanɗana miya.

Maman Tagwaye, Domayo, Marwa

Tukunya ɗaya ce, ƙanwata, girki biyu ba ya ɗorewa. Man za ki riƙa ragewa kaɗan kaɗan, cokali ɗaya duk mako biyu, ki ƙara daddawa da albasa da busasshen kifi, ba mai ganewa. Ki ɗebi naki a kwano daban kafin a zauna, don a faranti ɗaya da yara ba za ki san iya abin da kika ci ba. Ita kuma Inna, ki je da kanki ki gaya mata abin da likita ya ce tun kafin ta ga kin fara ramewa, ki roƙe ta addu'a, ki ajiye mata ɗan man shanu a gefe ta zuba a nata. In kin shiga zauren ki tambaye su tsarinsu na azumi tun yanzu, don a buɗa baki ne yawancinmu ke mayar da abin da muka rage.