Hanjin karfasata ya haura mita ɗaya, ciwo ne?

Sabuwar Mai Kiwo:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na fara kiwon kifi a bayan gida, tanki ɗaya tarwaɗa, ɗaya karfasa. Jiya na feɗe guda-guda zan yi miya. Tarwaɗar tumbinta ƙato, cike dam da abincin safe, hanjin kuwa ɗan guntu. Ita karfasar ba ta fi tafin hannuna ba, amma na yi ta jan hanjinta, siriri a nannaɗe kamar zaren ulu. Da na auna da tef ɗin ɗinkina ya haura mita ɗaya, kuma cikinsa kore shar. Tsoro ya sa na zubar da ita.

Dattijon Tiga:
Wa alaikumus salam. Ayya 'yata, kin yi asarar miya a banza, lafiyarta ƙalau. Karfasa gansakuka da ciyawar ruwa take ci, abin da ba ya narkewa da wuri, shi ya sa hanjinta kan ninka tsawon jikinta sau 6 ko fiye. Koren nan gansakukar bangon tankinki ce. Tumbinta ƙarami ne, sai dai tsaminsa na da ƙarfi, shi ke fasa gansakukar. Kada ki jibga mata abinci lokaci guda, ki watsa kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini. Tarwaɗa ce mai haɗama. Ƙwaro, ƙaramin kifi, har 'yar uwarta da ba ta kai ta girma ba haɗiyewa take, tumbin ya buɗe kamar jaka.

Mai Ƙyanƙyasa:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai, Hajiya, kada ki haɗa musu buhun abinci ɗaya. Tarwaɗa mai tasowa tana son furotin (sinadarin gina jiki) wajen kashi 40 cikin 100 na abincinta, karfasa kuwa kashi 30 ya ishe ta. Kuma kada haɗamar ta ruɗe ki. Ni na taɓa ɗura wa ƙananan tarwaɗa abinci don su yi saurin girma, da safe na tarar da wasu ciki ya kumbura ya fashe. In hunturu ya shigo ki rage, ruwan sanyi yana jinkirta narkewa.

Uwargida:
'Yar uwa, in kin zo feɗewa ki lallaɓa matsarmamar da ke manne da hanta. Ta fashe, ɗaci ya gama tukunya.

Sabuwar Mai Kiwo:
Allah ya saka da alheri. Buhu ɗaya kuwa nake zuba musu tun farko. Baba, karfasar zan iya ƙara mata dusa?