Burtsatse ko Magudanar Ruwa: Muhawara a Zauren Ƙungiyar Unguwa

Alhaji Mai Shago: Assalamu alaikum. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta ci gaban unguwa su bayyana mana dalilin da ya sa kuɗin karo-karon da muka tara zai tafi ga magudanar ruwa da kwalbati, alhali bututun ruwan madatsar Dadin Kowa bai iso layinmu ba, yarana kuma kullum da asuba suna bakin titi da jarkoki suna jiran 'yan ga-ruwa. An sa taron ranar Talata da hantsi, lokacin da kowa yake kasuwa, sai baƙin da ke gangare suka cika zaure suka ɗaga hannu, aka ce wai al'umma ta zaɓa.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Alhaji, su wane ne baƙin? Shekara goma sha ɗaya ke nan da na baro Biu na gina gidana a gangaren nan, ban taɓa fashin biyan kuɗin 'yan sintiri ba, kuma a damunar bara da idona na ga katangar maƙwabcina ta rufta cikin kwari da tsakar dare.

Alhaji Mai Shago: Malam, ban kama sunan kowa ba.

Malamin Firamare: Ka kama sunan layi guda, wanda ya fi kama sunan mutum ɗaya.

Baba Liman: 'Ya'yana, a bar kalmar nan. Ita kanta hedikwatar masarautar Gombe daga Gombe Abba ta tashi, ta zauna a Nafaɗa, sai a 1919 ta sauka nan Doma, wato garin Gombe na yau. Inda unguwarmu take kuwa gonakin dawa ne lokacin da aka ƙirƙiro jiha a 1996.

Ƙanen Alhaji: Allah gafarta Malam, da girmanka, amma mahaifinmu ne ya sayar da waɗannan gonakin, saboda haka akwai wanda ya riga wani. Baƙo kuma ba zagi ba ne, ai har bikin saukarsa ake yi.

Malamin Firamare: Wanda ya karɓi kuɗin fili ya sa hannu a takarda ya gama da maganar riga.

Tsohon Kansila: Jama'a, matsalar tana ga tsarin zaɓen. A tsohon shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa, a lokacin ana tara gari ne a jera buƙatu, a saurari mata da matasa, a jefa ƙuri'a, sannan al'umma ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin. Kwari irin namu kuwa ya fi ƙarfin karo-karo, aikin manyan shirye-shirye ne irin ACReSAL mai yaƙi da zaizayar ƙasa, don haka da takarda muka rubuta musu, kuɗinmu ya tafi ga burtsatse.

Shugaban Matasa: Ranka ya daɗe, shekarun da ka yi a kujera takarda nawa ka rubuta a kan kwarin nan?

Tsohon Kansila: Yaro, lokacin kana aji uku. Ka tambayi mahaifinka wanda ya kawo taransifoma.

Shugaban Matasa: Wadda ta ƙone kafin shekara ta zagayo?

Hajiya Ungozoma: Ni tambayata ita ce mace nawa aka gayyata taron, tunda mu ne muke auna ruwan girki da kofi, mu ne kuma muke kwashe yara idan ambaliya ta shigo ɗaki.

Ƙanen Alhaji: Har yanzu ba wanda ya nuna mini laifin kalmar baƙo.

Sakatare: To, bari in taƙaita, tunda dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne mafi yawan masu magana sun gamsu cewa magudanar ruwa ce gaba, domin ana iya sayen ruwa amma ba a sayen gidan da kwari ya ci. An kuma yi tir da kalmar da Alhaji ya furta, muna jiran ya janye ta. Batun mata za a duba shi nan gaba in Allah ya so. Ranar Asabar tifa za ta sauke yashi a ƙofar gidana, tunda daga can aikin zai fara.