Manaja na yanke mana albashi, ina zan kai kuka?

Salam jama'a, don Allah masu sanin dokar ƙwadago ku taimaka min. Ina aiki a wani gidan mai nan Gusau, albashina ma bai kai dubu 70 ɗin da gwamnati ta sa a 2024 ba, amma duk da haka manajanmu ya fito da sabon salo, ka makara minti goma a cire maka dubu ɗaya, in kuma aka samu gibi a lissafin dare sai a raba wa kowa har da mu masu aikin safe da ba mu taɓa famfon ba. Babu takardar tuhuma, babu tambayar ba'asi, sai dai ƙarshen wata ka ga kuɗi sun ragu.

Na je wajen Alhaji mai wurin, ya ce in yi haƙuri manaja ya fi shi sani. To haƙuri zan kai cefane?

Na ji dokar ƙwadago ta hana a ci ma'aikaci tara haka kawai, kuma akwai Kotun Ma'aikata, amma ni ko takardar ɗaukar aiki ba a ba ni ba, da baki muka yi. Ofishin ƙwadago zai saurare ni a haka? Kuma in na kai ƙara ba korata za su yi ba?