Gubar dalma da maganar "alƙaluma ba sa ƙarya"

Malam Bello, Gusau: Salamu alaikum. Jiya wani ɗalibina ya ce alƙaluma ba sa ƙarya, na kuwa goyi bayansa. Hujjata gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, jihar Zamfara. Yara na ta suma suna mutuwa, wannan ya ce zazzaɓin cizon sauro, wancan ya ce sanƙarau. Sai da aka auna jini, aka auna ƙasar tsakar gidajen da ake niƙa dutsen zinare, sannan aka gano dalmar da ke cikin dutsen ce. Yara wajen 400 suka rasu. Ba don awo ba, da har yanzu ana lalube.

Hajiya Saratu, Anka: Wa alaikumus salam, Malam. Awo ya ceci rayuka, ban musa ba. Amma ni na zauna gaban na'urar. LeadCare II, na'urar auna dalma a jini, iyakarta maikirogiram 65 a desilita ɗaya ta jini. Yaron da ke da 70 da wanda ke da 300, amsa ɗaya take ba su: ya wuce ma'auni. Sai da aka riƙa surka jinin ana sake aunawa kafin a san wa ya fi kusa da halaka.

Malam Bello: Wannan ai gazawar na'ura ce, Hajiya.

Hajiya Saratu: To ga wadda ba ta na'ura ba. Ƙa'ida ita ce daga 45 ake ba yaro maganin fitar da dalma. Wata uwa ta kawo ɗanta goye, nasa ya tsaya ƙasa kaɗan da haka. Aka ce mata "bai kai ba". Ta ɗaure zani tana hamdala, ita a kunnenta an ce lafiya lau. Ta koma gidan da turmin dakan dutse ke kusa da murhu, yaron na rarrafe yana sa hannu a baki. Har yau fuskarta na raina.

Aminu, ɗalibin likitanci: Anti, 45 ɗin ba da ka aka yanke ta ba. An gwada maganin a Amurka kan yara masu dalma 20 zuwa 44 a jini, aka fitar da sakamako a 2001: dalmar jini ta ragu, amma basirar yaran ba ta ƙaru ba. Dole a ja layi a wani wuri, in ba haka ba wa za a fara ɗauka?

Hajiya Saratu: Na yarda, ɗana. Damuwata, da zarar an ja layin sai ya raba yara gida biyu, marasa lafiya da masu lafiya, alhali dalma ba ta san da rabon ba.

Injiniya Umar, Talata Mafara: Kuma layin matsawa yake. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta daɗe a kan 10 a matsayin layin da ake fara damuwa da jinin yaro, ta sauko 5 a 2012, ta koma 3.5 a 2021. Yaro mai 7 a jini, a 2011 ba ya cikin lissafi, a 2013 ya shiga, jininsa kuwa bai canza ba. Ita 3.5 ɗin ma daga jinin yaran Amurka aka ciro ta, inda kashi 2.5 cikin 100 mafi yawan dalma suka fara. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce babu adadin da ba ya cutarwa.

Malam Bello: Amma Injiniya, da me aka gano 10 ta yi yawa? Da wasu alƙaluman ne. Ina nan kan bakata. Abin da na karɓa shi ne, "bai kai ba" ba fassarar lambar ba ce.

Hajiya Saratu: Shi ya sa na daina faɗin ta. Yanzu cewa nake: akwai guba a jikinsa, a fitar da dakan dutse daga gida, a wanke masa hannu kafin ya ci, a dawo a sake awo.

Malam Bello: Hajiya, ko za ki zo ki gaya wa ɗalibaina wannan ranar Alhamis?

Hajiya Saratu: In Allah ya kai mu, in hanya ta yi kyau.